Yadda Ake Karanta Alamomin Mutuwar Ƙwayoyin Hanta a Jini Idan Hanta Ta Gaza Farat Ɗaya

Mutumin da bai taɓa jinyar hanta ba, jininsa ya daina daskarewa yadda ya kamata har INR, ma'aunin jinkirin daskarewar jini, ya kai 1.5 ko ya wuce, hankalinsa ya fara gushewa, duk cikin ƙasa da mako 26 da fara ciwon, shi ne likitoci ke cewa hantarsa ta gaza farat ɗaya. Idan hankalinsa garau yake, ko da ALT, sinadarin da ƙwayoyin hanta ke zubarwa cikin jini idan sun lalace, ya kai 10,000, mummunan rauni ne hantar ta ji, ba ta kai ga gazawa ba tukuna.

Takardar gwajin jinin irin wannan majinyaci tambayoyi uku take amsawa, kuma yawancin kuskure daga cakuɗa su yake tasowa. Ƙwayoyin hanta nawa suka mutu, kuma ta wace hanya? Waɗanda suka rage suna iya riƙe aikin? Sababbi sun fara tsirowa? Sinadaran da ke fita daga ƙwayoyin da suka mutu, wato ALT da AST da LDH da keratin 18 da 'yan'uwansu tambaya ta farko kaɗai suke amsawa. Gawa suke ƙirgawa, ba masu rai ba.

Mutuwa iri biyu

Ƙwayar hanta tana iya mutuwa cikin tsari, abin da ake kira afoftosis. Wasu sinadarai masu yanka furotin da ake kira kasfes su ne ke sassare ta daga ciki, ta tsuke, ta gutsuttsure, ƙwayoyin da ke share jiki su haɗiye gutsattsarin. Wannan aiki yana cin makamashi, sai ƙwayar tana da sauran ATP, man da ƙwaya ke aiki da shi, take iya yin sa. Ɗaya hanyar ita ce nekrosis: makamashi ya ƙare, ƙwayar ta kumbura, bangonta ya fashe, duk abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini ya tayar da kumburi.

Farasitamol da yankewar jini zuwa hanta fashewa suka fi jawowa, musamman a yanki na 3, kewayen jijiyar tsakiya, inda iskar oksijin ta fi ƙaranci kuma sinadarin CYP2E1 ya fi yawa. Wannan sinadari ne ke mayar da farasitamol guba mai suna NAPQI, wadda idan ta cinye gulutatayon, sinadarin da ke kare ƙwaya daga guba, sai ta afka wa mitokondiriya, injin makamashin ƙwayar. Ciwon hanta na bairos kuwa yana tafe da mutuwar tsari mai yawa. A zazzaɓin shawara, irin wanda ya ɓarke a Alkaleri ta Jihar Bauchi a 2019, ƙwayoyin tsakiyar sashen hanta ne ke mutuwa cikin tsari, su ne dunƙulallun gawarwakin da ake gani a madubin likita masu ɗauke da sunan Councilman. A jikin majinyaci dai ba a samun iri ɗaya zalla, kullum a gauraye suke.

Ɗibar jinin

Rabin aikin a nan yake. A ɗebi jinin farko kafin a saka wa majinyaci ruwan jini ko jini, a rubuta ranar da sa'ar a jikin kowace kwalba. Lambar da ba a san lokacinta ba ba ta da amfani a wannan ciwo. Idan akwai zazzaɓi da zubar jini, ko majinyacin ya fito daga inda ake fama da zazzaɓin Lassa, a sanar da ɗakin gwaji tun kafin kwalbar ta isa, a kuma bi ƙa'idar naɗe samfuri ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya.

Kada a ɗebi jini daga hannun da ake ƙarin ruwa. Kada a daɗe da ɗaure hannu, kada a fizgi sirinji da ƙarfi, kada kuma a tura jinin cikin kwalba ta bakin allura. Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da LDH da AST da fotasiyam, idan suka farfashe sai ruwan jinin ya yi jaja-jaja, lambobin su hau ba da laifin hanta ba.

Kwalbar INR ita ce mai shuɗin murfi, mai sitiret kashi 3.2 cikin 100. Awon shi ne kashi 9 na jini da kashi 1 na sitiret, saboda haka a cika ta har layi. Idan ba ta cika ba, sitiret ya yi yawa, INR ya fito sama da gaskiya. Kada a saka ta a firji kafin gwaji, sanyi yana tayar da sinadarin daskarewa na VII ya gajarta lokacin. Amoniya kuwa akasin haka: a dulmuya kwalbar cikin ƙanƙara, a kai ta da hannu, a juya ta a raba ruwan cikin minti 15 zuwa 30, domin tana ƙaruwa a cikin kwalba muddin jini na zaune. Laktet, sinadarin da ke taruwa idan jiki ya rasa iskar oksijin, a auna shi nan take a injin gas na jini, ko a zuba a kwalba mai fuloraid. LDH ba ya son sanyi, a auna shi ran nan. ALT yana jure 'yan kwanaki a firji amma yana raguwa idan aka daskarar da shi a firizar gida.

A ware mililita 2 na ruwan jinin ranar farko, a rarraba a ƙananan kwalabe, a daskarar a ma'aunin sanyi 80 ƙasa da sifili in akwai, in babu 20. Bayan kwana uku, lokacin da aka rasa gano musabbabi, wannan ajiya ce za a koma wa don gwajin bairos ko guba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani tarko da ya fi kama masu aiki da ƙananan injina na hannu. Gwajin ALT da AST yana bin yadda wani sinadarin gwajin mai suna NADH ke raguwa ne a tsawon haske na nanomita 340. Idan ALT ko AST ya yi yawa ƙwarai, sai ya cinye NADH ɗin tun kafin injin ya fara karatu, sakamako ya fito ƙasa-ƙasa, wani lokaci ma kamar na mai lafiya. Duk majinyacin da idonsa ya yi ɗorawa, INR ɗinsa ya hau, aka ce ALT ɗinsa 30, a sake gwajin da sirki: maikurolita 100 na ruwan jini, 900 na ruwan gishiri mai kashi 0.9, a ninka sakamako sau 10. Haka kuma bilirubin, sinadarin da ke sa ido ya yi ɗorawa, idan ya yi yawa yana sa kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda, ya fito ƙasa da gaskiya a hanyar gwaji ta Jaffe, yana kuma iya sa wasu gwaje-gwajen launi su nuna farasitamol alhali babu.

ALT, AST da LDH: bin sawu

Kowannensu yana da saurin da yake barin jini. AST yana raguwa da rabi cikin kimanin awa 17, ALT cikin kimanin awa 47. Wannan tazara ita ce agogon mai karanta takarda. A ce ranar Litinin da safe AST 8,000 ne, ALT 6,000. Idan mutuwar ƙwayoyi ta tsaya cak a lokacin, washegari da safe lissafi ya nuna AST zai sauko wajen 3,000, ALT wajen 4,200. Idan aka tarar AST ɗin na nan a 7,000, ana kan mutuwa, abin da ya jawo ciwon bai kau ba. Shi ya sa a farkon rauni na farasitamol ko na yankewar jini AST ke gaba, bayan kwana biyu ko uku ALT ya wuce shi. A gubar farasitamol, idan AST ya koma ƙasa da kashi 40 cikin 100 na ALT, galibi an wuce ƙololuwar raunin.

Girman lambar yana nuna musabbabi fiye da yadda yake nuna makoma. Abubuwan da ke kai ALT dubbai masu yawa tare da bilirubin mara yawa kaɗan ne: farasitamol, yankewar jini, da bairos ɗin hafis. A yankewar jini LDH yana tashi sosai ya faɗo da sauri, kuma idan aka raba ALT da LDH aka samu ƙasa da 1.5, a duba zuciya da awon bugun jini kafin a zargi bairos. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mai jego da ta zubar da jini da yawa, ko wadda zuciyarta ta raunana bayan haihuwa, ciwon da aka daɗe da sani a Zariya da Kano da Sakkwato, tana iya zuwa da ALT na dubbai alhali maganin nata a zuciya yake. Hafis kuwa a tuna da shi ga mai juna biyu ko mai raunin garkuwa da ke da zazzaɓi, fararen ƙwayoyin jini sun ragu, ido bai yi ɗorawa ba. Ba a jiran sakamako, maganin asaikulobiya ta jijiya ake farawa.

Idan AST ya zarce ALT da nisa kuma ya ƙi sauka, a tambayi ko daga hanta kaɗai yake fitowa. Tsoka da zuciya da jajayen ƙwayoyi duk suna da shi. A zazzaɓin shawara da na Lassa AST ne ke gaba. A binciken da aka yi a Saliyo a shekarun 1980, masu Lassa da suka zo da AST 150 ko fiye, sama da rabinsu sun rasu idan ba a ba su magani ba, lambar da a ciwon hanta na B ba za ta tayar wa kowa hankali ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sikila suna ɗaga LDH da AST da bilirubin ta hanyar fashewar jini. Auna CK, sinadarin tsoka, yana raba gardama. A matashi mai shawara da ƙarancin jini, idan ALP, wani sinadarin gwajin hanta, ya yi ƙasa ta yadda raba shi da bilirubin a ma'aunin mg/dL ya ba da ƙasa da 4, AST kuma ya ninka ALT fiye da sau 2.2, a nemi cutar Wilson, mai tara jan ƙarfe a jiki.

Babban kuskure mai kashe mutane shi ne murna da saukar ALT. Yana sauka idan mutuwa ta tsaya, yana kuma sauka idan ba sauran ƙwayoyin da za su mutu. Abin da ke bambance su INR ne da hankalin majinyaci. ALT na sauka, INR na sauka, majinyaci ya fara gane 'yan'uwansa: sauƙi ne. ALT na sauka, INR da bilirubin na hawa, hanta na ƙanƙancewa har ba a jin ta idan an ƙwanƙwasa haƙarƙari: hantar ce ke ƙarewa.

Keratin 18: M30 da M65

Keratin 18 yana cikin zaren da ke riƙe da siffar ƙwayar hanta. Idan ƙwaya ta mutu cikin tsari, kasfes yana yanka shi a gurbi na 396, sai wani sabon baki ya bayyana wanda gwajin M30 ke ganewa. Gwajin M65 kuwa yana kama keratin 18 gaba ɗaya, yankakke da cikakke. Saboda haka M65 jimlar mutuwa ce, M30 kason mutuwar tsari, tazarar da ke tsakaninsu kuma tana nuna yawan fashewa. A gubar farasitamol M65 yana tashi ƙwarai, M30 ya zama ɗan kaso kaɗan a cikinsa. A ciwon hanta na B kason M30 ya fi haka girma.

Dukkansu gwajin ELISA ne, wani kamfanin Suwidin ya ƙera su, kuma har yanzu a fagen bincike aka fi amfani da su. Ana ɗiga maikurolita 25 na ruwan jini a kowane gurbi, kowane samfuri gurbi biyu, a bar farantin a kan injin girgiza na tsawon lokacin da takardar kwalin ta faɗa, a wanke, a zuba sinadarin launi, a tsayar, a karanta a tsawon haske 450. Sakamakon yana fitowa da U/L. Matsala ta farko ita ce ma'aunin kwalin gajere ne, jinin mai gazawar hanta kuwa yakan wuce shi ninkin-ba-ninkin, dole a sirka a sake. Ta biyu, a tsaya a kan nau'in ruwan jini ɗaya daga farkon bibiya zuwa ƙarshe, kada yau siram gobe filasma. Ta uku, narkarwa da sake daskarewa sau da yawa yana ɓata samfuri, shi ne dalilin rarraba shi tun farko. Sannan keratin 18 ba na hanta kaɗai ba ne, akwai shi a hanji da ƙoda da huhu. Mai cutar da ta bazu a jini ko mai kansa zai iya ɗaga shi ba tare da hanta ba.

Ko waɗannan gwaje-gwaje suna faɗin wanda zai rayu? Masana sun saɓa. Ƙungiyar nazarin gazawar hanta ta Amurka ta ga M30 ya fi yawa ga waɗanda suka rasu ko aka yi wa dashe, har a 2012 ta fitar da wani ma'auni da ya haɗa shi da zurfin suma da INR da bilirubin da fosfet. Masu bincike a Hanoba ta Jamus kuwa a 2008 sun ga akasin haka, waɗanda suka warke da kansu su ne masu yawan aikin kasfes. A Esen ta Jamus an gwada cire bilirubin daga lissafin MELD, ma'aunin tsananin ciwon hanta, a saka M65. A Edinbura an tarar alamomin ba su ƙara wani abu a kan tsofaffin ma'aunai ba. A ganinmu saɓanin ba abin mamaki ba ne. Majinyatan ba musabbabinsu ɗaya ba, ba kuma rana ɗaya ta ciwon aka ɗebi jininsu ba. Ƙwayar da ke da ƙarfin mutuwa cikin tsari tana da sauran makamashi, amma idan mutuwar tsarin ta fi ƙarfin masu shara, gutsattsarin su ma fashewa suke yi. Asibitin da ke da kuɗin abu ɗaya, gara ya tabbatar da INR da laktet dare da rana a kan ya sayi kwalin M30.

Sababbin alamomi

Amfaninsu na gaske saurin bayyana ne. A gubar farasitamol ALT yakan ɗauki awa 24 kafin ya motsa, ya kai ƙololuwa wajen kwana na uku. miR-122, wani ɗan guntun RNA da kusan a hanta kaɗai ake samunsa, yana tashi tun ALT na kwance, haka keratin 18. Ana auna shi da PCR, kuma kada a ɗebi jininsa a kwalbar hefarin, tana hana gwajin aiki. GLDH a cikin mitokondiriya yake, ya fi yawa a yanki na 3, kuma ciwon tsoka ba ya ɗaga shi, saboda haka yana taimakawa inda AST ya rikitar. HMGB1 furotin ne na cibiyar ƙwaya da ke fita idan ta fashe, sai dai an janye wasu rubuce-rubucen da aka gina a kan nau'insa mai asetil, a yi hattara da tsofaffin alƙaluma a kansa.

Mafi amfani a cikinsu wataƙila shi ne ragowar farasitamol da ke manne da furotin. Farasitamol ɗin kansa yakan ɓace daga jini kafin majinyaci ya iso, amma wannan ragowar tana daɗewa kwanaki. A Amurka an same ta a jinin kusan kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka rasa gano musabbabin gazawar hantarsu. Darasin ga wanda ba shi da gwajin a fili yake: ALT na dubbai, bilirubin mara yawa, ba a san dalili ba, a fara NAC, makarin gubar farasitamol, ko da gwajin farasitamol bai nuna komai ba. Tsarin da aka saba shi ne miligiram 150 a kowane kilo cikin awa 1, sai 50 cikin awa 4, sai 100 cikin awa 16, a ci gaba muddin INR bai daidaita ba. A tambayi 'yan'uwa dalla-dalla, domin mutum yakan haɗa maganin mura da na ciwon jiki da na ciwon haƙori bai san duk farasitamol ne a ciki ba. A tambayi magungunan tarin fuka da jiƙe-jiƙe da haɗe-haɗen gargajiya. NAC kansa yana ɗan ɗaga INR, a san da haka.

Haɗa su da masu rai

INR ne ke faɗin abin da ya rage, domin sinadarin daskarewa na VII yana raguwa da rabi cikin awa 6 kacal, alhali albumin sai kimanin kwana 20. A auna INR da laktet duk awa 6 zuwa 8, sukari duk awa 1 ko 2, sauran sau ɗaya ko biyu a rana. A ba da bitamin K miligiram 10 ta jijiya don a cire zargin ƙarancinsa. Kada a saka ruwan jini don gyara lamba kawai idan babu zubar jini kuma ba wani aiki za a yi ba, yin haka rufe ido ne ga ma'aunin da ya fi kowanne faɗin gaskiya.

Ma'aunin asibitin King's College na Landan, na 1989, har yau shi ake riƙe da shi. A farasitamol: pH na jinin jijiyar bugu ƙasa da 7.3 bayan an ƙara ruwa, ko haɗuwar abubuwa uku, INR sama da 6.5, kiriyatinin sama da 300 µmol/L, da suma mataki na 3 ko 4. Laktet da ya wuce 3.0 mmol/L bayan ƙarin ruwa shi ma mummunar alama ce. A sauran musabbabai: INR sama da 6.5, ko uku daga cikin biyar, wato shekaru ƙasa da 10 ko sama da 40, musabbabi mai wuyar sha'ani kamar illar magani ko wanda ba a gano ba, fiye da kwana 7 tsakanin shawara da ruɗewa, INR sama da 3.5, da bilirubin sama da 300 µmol/L. A lura babu ALT ko AST a ciki ko ɗaya. Amoniya da ta wuce 150 µmol/L tana gargaɗin kumburin ƙwaƙwalwa.

Alamun tsirowa biyu ne masu sauƙin samu. Hanta mai farfaɗowa tana zuƙe fosfet, saboda haka saukarsa labari ne mai daɗi, a dai mayar wa majinyaci abin da ya rasa. Fosfet da ya tsaya sama da 1.2 mmol/L a kwana na biyu zuwa na huɗu bayan gubar farasitamol yana nuna hantar ba ta tsirowa, ƙoda ma ta taɓu. AFP, furotin da sababbin ƙwayoyin hanta ke fitarwa, idan ya hau tsakanin rana ta farko da ta uku shi ma alamar tsirowa ne, ba kansa ba.

Tun da dashen hanta ba aikin yau da kullum ba ne a asibitocin Najeriya da Nijar, amfanin waɗannan lambobi a wurinmu shi ne sanin wanda za a ɗauka zuwa babban asibiti tun ruɗewarsa tana mataki na 1 ko na 2, kafin tafiyar ta zama haɗari. Mai juna biyu da ke da shawara tana sahun gaba, musamman inda ruwan sha ya gurɓata, kamar yadda aka gani a ɓarkewar ciwon hanta na E a Difa a 2017. Sai kuma mai gazawar da ke tafiya a hankali, wanda ya yi makonni da shawara, ALT ɗinsa 'yan ɗaruruwa ne kawai, ciki ya fara tara ruwa, INR na hawa kaɗan-kaɗan. Takardarsa ba ta da ban tsoro kamar ta mai farasitamol, ana ma yawan ɗaukarsa a matsayin mai tsohon ciwon hanta, alhali shi ne hantarsa ta fi wuyar farfaɗowa da kanta. Irinsa a riƙa auna INR da bilirubin kullum, a sake hoton hanta bayan 'yan kwanaki a gwada girmanta da na farko.